Matuƙin Jirgin Yaƙin da Na Koya wa Mota

Ni da bakina na jawo wa kaina. Lokacin muna zaune a wani bene a Germantown, ƙofarmu na kallon ta wata injiniya 'yar China da ta ɗauko iyayenta daga gida. Uwar na fama da ciwon ƙoda, sau uku a mako ake kai ta wankin ƙoda. 'Yar ce ke sulalewa daga ofis tana kai ta, har ogan nata ya fara ɗaure fuska. Ran nan a wurin ajiye motoci ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye: in mahaifinta bai sami lasisin tuƙi kafin sanyi ya shigo ba, dole ta kai uwar gidan kula da tsofaffi kusa da asibitin, a raba su bayan shekara arba'in da aure. Ta ce amma ba zai yi wuya ba, ai tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne.

Ina jin haka na ce a bar mini shi. Ba don Allah kaɗai ba, in faɗi gaskiya. Ɗan jarida ne ni a sashen Hausa na wani gidan rediyo, har na hango shiri guda cike da wuta da hayaƙi. Ga shi koyarwar ma ba wata wahala, wanda ya tuƙa jirgi me mota za ta gaya masa?

Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini malam. Turancinsa guntu-guntu ne, da shi da hannu muke hira. A haka na tsinci tarihinsa. Ɗan ƙauye ne, sojoji suka zo makarantarsu suka tuɓe yara suna duba ido da haƙori, duk mai tabo a jiki a sallame shi. Shi ba tabo ko ɗaya, don uwarsa ba ta taɓa barinsa ya riƙe lauje ba. Ragwancin da 'yan'uwansa ke yi masa gori a kai shi ya kai shi sama. Na tambaye shi jirage nawa ya kakkaɓo. Ya ce ko ɗaya. Yaƙi fa? Bai taɓa zuwa ba. Shekara ashirin da wani abu yana zaune cikin jirgi a bakin teku yana jiran ƙararrawa, in ta buga su tashi su zagaya su dawo. Nan shirin rediyona ya bi ruwa.

Abin da yake alfahari da shi ɗaya ne. Jiragen yaƙi bibbiyu suke tafiya, jagora a gaba, na biyu a gefen fiffikensa. Shi na biyu ne tun daga farko har ya yi ritaya. Aikinsa ya kafe ido a kan jagora, inda ya karkata ya karkata, ko cikin gajimare ne. Ya ce jagorori har rigima suke yi a kansa, don bai taɓa ɓacewa daga gefen kowa ba.

Ban gane abin da wannan ke nufi ba sai da muka hau babbar hanya ta 270. Baba ya zaɓi wata farar motar masu gyaran famfo, ya manne mata a gindi, tazarar ba ta fi taku uku ba. Ta ƙara wuta, ya ƙara. Ta sauya layi, ya sauya. Ta sauka a mararrabar da ba tamu ba, wallahi sai ga mu a bayanta har ƙofar gidan wasu mutane. Na yi ta salati. Ni da ma ba haƙuri ne da ni ba, na rufe shi da faɗa da Hausa tsantsa, na ce wannan ba ubangidanka ba ne, mai gyaran famfo ne! Ya saurare ni tsaf, kamar yadda soja ke sauraron na gaba da shi, ya ce to, malam.

Wata uku muna abu ɗaya. In hanya ba kowa, tuƙinsa ko kofin ruwa aka ɗora a motar ba zai zube ba. Mota na shiga gabansa, shi ke nan, ya sami jagora. Hali zanen dutse. Sau uku ya je gwaji, sau uku ana rubuta masa bin mota kurkusa. A na ukun ya fito ya tsaya ƙyam, ya ce mini:

"A can, wannan suke ba ni lambar yabo a kai."

Na so in yi dariya, amma tausayinsa ya hana ni. Sanyi na shigowa aka kai matar gidan tsofaffin. Kullum Baba sai ya hau bas biyu ya je ya zauna a gefen gadonta har a ce lokaci ya yi. Ni kuwa na dinga kauce masa a matakala, kunya nake ji kamar ni na faɗi gwajin.

Matar tasa ba ta kai bazara ba. Ranar da za a kai ta makabarta na fito da motata don in ɗauke shi, sai ya zagayo ta ɓangaren direba ya miƙo hannu. Takardarsa ta 'yan koyo na aljihunsa, ni kuma ina da lasisi, doka ba ta hana ba. Na ba shi makulli.

Motar gawa ta ɗaga, Baba ya shige bayanta, taku uku. Ta rage gudu, ya rage. Ta karya kwana, ya karya, ko ƙifta ido ba ya yi. Sauran motocin rakiya suka yi ta tsinkewa a danja, mu dai muna nan manne. Ƙafata na ta neman birki a inda babu shi, bakina ya buɗe zai faɗi abin da ya saba faɗa. Sai ya riga ni, bai ko juyo ba:

"Na matsa da yawa, malam?"

Na ce, "A'a, Baba. Daidai kake."