Lallen Hannun Yelwa

Yelwa Abdulsalam ta fara jinya tun kafin ta san sana'a ce. A gidansu na Gusau ita ke juya kakarta Inno a kan gado, ita ke yi mata alwala, takan kuma gane ciwo ya motsa tun tsohuwar ba ta buɗe baki ba. Da aure ya kawo ta Birmingham ta Ingila, suka zauna a wani ɗan gidan haya a unguwar Selly Oak, bayan shagunan Bristol Road. Mijinta Sanda akanta ne a ƙaramar hukuma, ita tana gida da yara biyu. Sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka rufe sashen su Sanda gaba ɗaya. Ba a daɗe ba Yelwa ta sa rigar aiki a wani gidan kula da tsofaffi.

Ta yi shekaru a wurin. Ta samu Care Certificate, takardar da ke nuna mutum ya iya yi wa marar lafiya wanka, ya ciyar da shi, ya ɗaga shi, amma daga nan hanya ta tsaya. Aikin ma ba tabbas gare shi ba, manajan ke raba shift, wato lokutan aiki, duk mako, wanda ya ce ba zai zo ba kuwa sai a manta da lambarsa.

Sanda ya so ta shiga jami'a ta zama cikakkiyar nas, sai dai a shekarar aka janye tallafin ɗaliban jinya, gidan kuma albashinta ke riƙe da shi. Justina, abokiyar aikinta 'yar Kafanchan, ta ce ta zauna inda take, ta ƙara 'yar takarda a ba ta shugabancin shift. Yelwa ta saurare su duka, ta nemi wata hanyar. Wani asibiti a Manchester ya buɗe sabon kwas na nursing associate, matsayi tsakanin mai kula da nas, ana aiki ana karatu, albashi bai tsaya ba. Guraben kaɗan ne. Ta ci rubutacciyar jarrabawa, saura ta gwajin aiki ranar Litinin.

Ta sauka unguwar Gorton ta Manchester tun Juma'a a gidan yayarta Kulu, domin 'yar Kulu, Raki, ta haihu, suna kuma ranar Asabar. Da yamma mai lalle ta zo. Yelwa ta yi ƙoƙarin zamewa kicin, Yaya Kulu ta kamo gefen mayafinta ta ce wa za a yi wa lalle in ba ita ba, alhali sunanta za a raɗa wa jaririyar? Mata suka sa dariya, ana kiranta uwar takwara. Ta miƙa hannu. Lallen ya kama sosai, faratanta suka yi jajawur.

Ranar Lahadi bayan la'asar Justina ta kira ta da bidiyo don ta yi mata fatan alheri. Yelwa ta ɗaga hannu tana gaishe ta, sai fuskar Justina ta canza.

"Ke, mene ne wannan a farcenki? Gobe fa gwajin wanke hannu za su fara da shi. Ni a kan jan farce aka taɓa mayar da ni gida."

Yelwa ta ce lalle ne. Justina ta ce su dai ja suke gani, babu mai tsayawa jin tarihinsa.

Ta fara da lemon tsami da gishiri. Ta koma man goge baki. Raki ta ce ta ji ana jiƙa hannu a ruwan ɗumi da toka, amma ina toka a Gorton. Yaya Kulu tana ta faɗa daga falo, wai a ce don aiki mutum ya kankare adon 'yarsa, su Turawan ba sa zanen jiki ne? Yelwa ta rufe ƙofar banɗaki. A ƙarƙashin wurin wanke hannu akwai bilic na wanke masai, akwai soson ƙarfe. Ta san abin da bilic ke yi wa fata, ita da kanta take gargaɗin sababbin ma'aikata. Ta ce wa ranta kaɗan za ta sa.

Da safe lallen yana nan, ya ɗan dusashe kawai. Fatar yatsunta ce ta tsage a kowace gaɓa, ta kumbura, ruwan alwala ma sai da ya sa ta cije leɓe.

A ɗakin gwajin an jera su gaban wata babbar nas mai furfura, Monica, kowa hannun riga a naɗe zuwa gwiwar hannu. Yelwa ce ta huɗu. Ta ga ana duba hannuwan na gabanta ciki da baya. Da layi ya zo kanta ta miƙa hannuwan, idonta a ƙasa. Monica ta juya su a hankali, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya wa ya yi mata haka. Yelwa ta fara bayanin suna da lalle.

Monica ta ce ba lallen take nufi ba. Ta san lalle, bayan kowace Sallah rabin ma'aikatanta da shi suke zuwa, rini ne, ba ya ɓarewa ya faɗa wa marar lafiya. Tsagewar fatar ce matsala. Da hannu irin wannan ba za ta bari Yelwa ta taɓa kowa ba, ko a gwaji.

"Akwai ranar da muka ware wa waɗanda rashin lafiya ya hana, ƙarshen mako mai zuwa. In hannun ya warke ki zo. In bai warke ba, kada ki wahalar da kanki."

A jirgin ƙasa zuwa Birmingham Yelwa ta ajiye hannuwan a cinya kamar ba nata ba. Gobe da safe tana da shift. A gidan tsofaffin ana wanke hannu ba adadi da sabulu mai kaifi, ana cire safar roba ana sa wata, hannu mai lafiya ma yana jin jiki. In ta je, ba zai warke ba. In ba ta je ba, manajan zai ba wata shift ɗinta, kuma ba lallai ya dawo mata da su ba. In kuma ta bar aikin ta faɗi gwajin, ba ta san da wane ido za ta kalli Sanda da yaran ba.

Ta kira Sanda. Ya ce ita ta san hannunta, shi dai zai nemi ƙarin dare a ɗan aikin gadin da ya samu kwanan nan. Jirgin ya wuce Stoke kafin ta iya danna lambar manajan. Ya ce ba shi da mutane, ya ce ta tuna akwai masu jiran aikin. Ta ce ta sani, amma ba za ta zo ba. Da ta kashe wayar sai ta ga yatsanta ya bar ɗan jini a gilashin.

Kwanakin nan Sanda ne ya yi wanke-wanke. Justina ta kawo man kaɗe a kwalba, ta ajiye a ƙofa, kunya ta hana ta shiga sai da aka jawo ta. Manajan bai sake kira ba.

Ranar da ta koma, Monica ta sake juya hannuwan, ta shafa gaɓoɓin da babban yatsa, ta nuna mata famfo. Faratan sun ɗan tofo, fari siriri daga tushe, ja a sama. Yelwa ta naɗe hannun riga ta buɗe ruwan.

Yanzu a Gorton suke, layi biyu daga gidan Yaya Kulu. Tana aiki a ɗakin tsofaffi na asibitin, kuma duk sunan da aka yi ita ke fara zama gaban mai lalle.