Nasiba Mai Ƙudan Mangwaro

A gyara zama, masu shayi su dakata da fifita. Ga Nasiba 'yar Kawu Alassan ta Tanda, gimbiyar ƙudaje, sarauniyar ruɓaɓɓen mangwaro, wadda mutanen da ba su taɓa ganin ta ido da ido ba suka ɗauki nauyin karatunta. Ni kuwa Labo, taubashinta, da duk tashar Gaya ta san fuskata, ko ruwan leda ba wanda ya saya min.

Tare aka sa mu lakwal, makarantar boko. Ni ne mai baki, ita ce mai shiru. Ana cikin kolej na ga kabu-kabu, wato haya da babur, ya fi benci daɗin zama, na fita. Ita ta zarce, ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta tafi jami'a a Yamai. Duk karatun nan a kan ƙuda ya ƙare, wannan da ke huda mangwaro ya zuba ƙwai, ka yanka ka tarar da tsutsa. Ta rataye tsofaffin robobin ruwa a garkar mangwaron Kawu, ta zuba musu wani abu mai wari. Ƙuda ya shiga, bai fitowa.

Neman burs kuwa, wato kuɗin ƙaro karatu, ya zame mata sana'a. Kullum ido a kan waya. Wata aka ce sai mai Ingilishi, wata kafin takardunta su haɗu an rufe. Sai ta yi tsaki ta nemi ta gaba. Na tambaye ta ko akwai ta maza masu moto irina, ta ce in an buɗe za ta faɗa min.

Sai ga wata ta mata masu kimiyya zalla. Sharaɗinta, ki ɗauki gajeren bidiyo da Faransanci kina bayanin aikinki, kuma ranar Juma'a za a rufe. Kamarar wayarta ta tsage. Wa ke da waya ta kirki a dangi? Sai ga gimbiya a tasha tana "Labo, don Allah".

Muka je garka ranar Alhamis. Na ɗaga waya, Nasiba ta daskare. Yarinyar da ke jefa min magana tun muna yara ta koma "e... to... wato". Muka sake, ta manta sunan ƙudan. Muka sake, ta gaishe da waya kamar surukarta. Rana tana sauka, gumi ya jiƙa mata kallabi. Ni dai, Allah ya gani, daɗi nake ji.

Na ce, "Malama, mu tafi gida. Dama robobi ne da ruwan wari, ko kaka ta iya rataya su. Bari in samo miki tire ki kai mangwaron kasuwa."

Ba don taimako na faɗa ba, har zuciyata na faɗa. Taubashi kuma ba a kai ƙararsa.

Ta juyo. Da yake ta san inda nake ɗingishi, sai ta rama da Faransanci don ta ƙure ni. Ta fizgo roba, ta nuna min ƙudajen, ta yanka mangwaro biyu, na wurin tarko da na nesa da shi, ta tura min har hanci. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Rabin maganar ya wuce ni, amma wayar tana ɗauka, don na manta ban kashe ba.

Ta yanke muryata da zagin da ta fara da shi, ta aika. Bayan damina amsa ta zo, an ɗauke ta. Kawu ya yanka rago, mata suka yi guɗa, ni aka ba ni aikin kai wa maƙwabta nama.

Na same ta a garka tana kwance robobi. Na ce, "Ke, in kin je can ki gaya musu gaskiya. Ba don bakina da hannuna ba, da yanzu kina nan kina kiwon tsutsa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sun ce hoton yana rawa."