Na Shiga Ƙauyen Mutane Ba Iso

Edita, ina gaisuwa gare ka da masu karatu. Lokacin da abin nan ya same ni, malami ne ni a wata jami'a, mai binciken ruwan sha. Ban daɗe da gama digiri na uku ba, ina ji da kaina, kuma ba na son a koya mini abin da nake ganin na sani. Wata cibiyar bincike a ƙasar Kazaure ta gayyace ni in zauna da su damina guda a matsayin baƙon masani. Suka ba ni ciki da falo a bayan ofis, da tebur a ɗakin gwaje-gwaje, da babur na zirga-zirga. Abin da suke so daga gare ni bai taka kara ya karya ba: in yi wa ma'aikatansu lacca, in bar musu sakamakon aikina, sannan kada in taka ƙauyen kowa sai an yi mini iso wurin hakimi, shi ya haɗa ni da dagaci, dagaci ya miƙa ni ga mai unguwa, kuma ɗan rakiya na cibiyar yana tare da ni.

Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya dame ni. Ɗan rakiyar ɗaya ne tal, kullum yana biye da wata baƙuwa 'yar Kudu mai nazarin ƙasar noma, wadda ko zo in kashe ki ba ta ji da Hausa. Da na kai kuka wurin jami'in kula da baƙi, sai ya yi dariya ya ce ai dokar don irin wannan baƙuwar aka yi, ni ga hula ga baki, wa zai tare ni a ƙasar Hausa. Dama abin da nake so in ji ke nan, ban ko sake tambaya ba.

Da hantsi na isa wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, maza duk suna gona ana noman farko. Abin da ban sani ba, kwanan baya amai da gudawa ya kwashi yara a garin, har ana raɗe-raɗin wani ne ke zuba abu a rijiya. Na kafe babur, na zura wayar awo mai kan ƙarfe cikin rijiyar, na ɗebo ruwa a kwalba na barbaɗa garin gwaji, ruwan ya sauya launi. Har na ji daɗi, don duk yawona ban gamu da ruwa mai kyawun wannan ba. Wata mata da ta zo da bokiti ta tsaya tana kallona. Na yi mata sannu. Sai ta yar da bokitin, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, tana cewa ga shi nan, ga wanda ya kashe mata ɗa.

Kafin in naɗe wayar, mutane sun ɓullo ta cikin gero da fartanya a hannu. Na buɗe baki zan yi bayani, ƙotar fartanya ta sauka a gefen kaina, na ji kunnena ya yi ɗif. Suka ja ni a ƙasa, wannan ya kai naushi wancan ya kai shuri, wani ya taka mini yatsu har na ji sun yi ƙaras. Ina kiran sunan cibiyar, ina rantsuwa da Allah, amma Hausar da na dogara da ita ba ta ƙara musu komai ba sai tabbacin cewa ɗan gida ne aka saya. Wani dattijo ya tsawatar, ya ɗaga kwalbar ya ce abu mai sauƙi ne, in ba guba ba ce in shanye. Ni kuwa na san garin gwajin ba na sha ba ne, sai na kau da kai. Wannan kau da kan shi ya gama da ni. Suka danne ni, suka matse mini hanci, suka ɗura mini har bakin kwalbar ya fasa mini haƙori. Na ji ana cewa a zuƙo fetur daga babur ɗina. Wallahi a nan na saki fitsari, na fara kalmar shahada.

Limamin garin ne ya kutso ya kwanta a kaina, ya ce duk mai son ƙona ni ya haɗa da shi. Sandar da aka yi niyyar kaina da ita a kafaɗarsa ta sauka. Ya ja ni cikin masallaci ya tsaya a ƙofa har dagaci ya iso, babur ɗin kuma yana ci da wuta a waje. Na daɗe a asibiti. Kunnena na hagu har yau ba ya ji, yatsu biyu kuma ba sa lanƙwasuwa. Mai unguwa ya zo duba ni, ya ce da an gaya masa zuwana, da shi da kansa zai riƙe mini guga.

Na daɗe ina jin haushin mutanen nan, amma yanzu tausayinsu ya fi yawa, don wanda ya binne ɗansa ba ya tsayawa sauraron lacca. Na gane iso ba gaisuwar banza ba ce, shi ne ke sa a san fuskarka kafin a ga hannunka. Ina roƙon duk masanin da aka gayyata wata cibiya ya bi tsarin masu masauki ko da garin kakansa za shi, masu kula da baƙi kuma su daina ɗage wa mutum doka don yana jin yare.

Ni dai na tsira da raina. Amma duk bayanin da cibiyar ta aika ya makara, don tun ina kwance mutanen garin suka cike rijiyar da ƙasa da duwatsu. Da na sake bi ta wurin, na ga matan suna wuce tudun da bokitai a ka, sun nufi tafkin da shanu ke sha.