Dutsen da Na Ara

Yaya Balaraba, jiya da dare wani mafarki ya hana ni sakat, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Bari in fara da laifina. Mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar nan New Zealand, ba da suna suke fara gabatar da kansu ba. Mutum zai faɗi dutsen garinsu, ya faɗi koginsu da kakanninsa, sunansa ya zo a ƙarshe. Shekarar da na fara aikin jinya a nan, aka kai mu zauren taronsu, mu baƙin ma'aikata, aka ce kowa ya faɗi nasa. 'Yar Indiya ta faɗa, ɗan Samoa ya faɗa har da ƙwalla. Da aka zo kaina sai na ji kunyar ɗan tudun bayan gidanmu, wanda awaki ke hawa. Na ce dutsena Dala, kogina Kwara. Ni da ban taɓa kwana a Kano ba sai ranar da zan hau jirgi! Wata tsohuwa mai zane a haɓa ta haɗa hancinta da nawa, irin gaisuwarsu, ta yi mini maraba. Ta yarda da ni ɗari bisa ɗari.

To, a mafarkin ina cikin zauren nan, ginshiƙansa masu sassaƙa suna kallona, amma ƙasan daɓen ɗakin Inna ne. Tsohuwar ta matso, da Hausa tsantsa ta ce, "'Yata, ina dutsenki?" Na ce Dala.

Sai kawai teku ya shigo ta ƙofa. Kowa ya hau dutsen garinsu, duwatsun suna tafiya a kan ruwa kamar kwale-kwale. 'Yar Indiyar ta wuce tana ɗaga mini hannu. Ga Dala a gabana, na taka, ƙafata ta zarce. Na sake takawa, ta sake zarcewa. Ruwa ya kai mini ƙirji.

Sai kawai ga ɗan tudunmu ya taho, marigayi Baba a kai, riƙe da igiyar akuya, wandonsa a naɗe, ƙafarsa duk taɓon rafi. Na ce, "Baba! Baba, ni ce!" Ya dube ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa. Ya juya wajen tsohuwar ya ce, "Baiwar Allah, wannan 'yar wa ce?" Tudun ya wuce da shi.

Muryar 'yata Husna ce ta farkar da ni. Tana falo tana bitar abin da za ta faɗa gaban 'yan ajinsu ranar Juma'a, don an ce kowane ɗalibi ya kawo nasa. "Dala ne dutsena, Kwara ne kogina." Ni na koya mata. Wallahi kunya ta rufe ni. Na fito in gyara mata, na buɗe baki, sai na tarar sunan rafin garinmu ya ɓace mini gaba ɗaya.

Yaya, me mafarkin nan yake nufi? Baba ne ya ƙi ni, ko ni ce na riga na ƙi shi? Kuma don Allah kada ki yi mini dariya: rafin nan da Baba ke shayar da awaki, yaya sunansa?