Gilashi a gaba, matashi a baya

Maigidana, Allah ya jiƙansa, tela ne. Shagonsa a zauren gidanmu yake a Ƙaura, ba nisa da layin dogo. Idonsa na hagu ya dushe tun yana saurayi, saboda haka da na dama yake zura zare, da shi yake yanka, da shi muke cin abinci. Da yanar ido ta fara rufe wannan idon, aka yi masa aiki a Gusau, aka dace. Sai dai likita ya ja masa kunne ƙwarai: kada iska mai ƙarfi ta riƙa dukan idon, kada ƙwaro ko yashi ya faɗa ciki. Ya gwada tabarau, iska ta riƙa shiga ta gefe. Ya gwada hular kwano, in ya rufe ta numfashinsa ya dusashe gilashin, ya kasa ganin hanya.

Ajiye babur kuwa ba zai yiwu ba. Innata tana Jangeru, ciwon ƙafa ya zaunar da ita, ni ce kuma 'yarta da ta fi kusa. Shi yake kai ni, in yi mata wanki, in gyara mata ɗaki, mu juyo kafin la'asar. Bai taɓa nuna mini nauyin abin ba.

Wata rana ya ga wani matafiyi da ƙaton babur mai gilashi a gaba, ya tsaya ya ƙare masa kallo kamar yadda yake kallon rigar da wani telan ya ɗinka. Ya samo farar roba mai kauri, garau kamar gilashi, ya yanka ta da kansa, mai walda ya yi masa ƙarafa biyu aka ɗaure a hannun babur. Gilashin ya yi tsawo har ya wuce goshinsa.

Akwai mahaucin da ke da teburi daura da zaurenmu, abokinsa tun na makarantar allo. Ina daga cikin gida na ji shi ya ɗaga murya.

“Malam tela, wagga taga fa? Saura labule. Kai da ɗinki ke hannunka, mi kake jira?”

“In na ɗinka, ta gefenka za ni fara sakinai, in huta da ganin haƙoranka.”

“To a sa mai ƙyaure, kada ɓarawo ya shigo ta gaba.”

A cikin gari gilashin ya yi aikinsa. Yana dawowa idon fes, ba ja, ba ruwa. Ni ma na yi murna, ko da ban faɗa ba.

Ranar da muka fara ɗaukar hanyar Shinkafi da shi, damina ce, gero ya kai ƙugu. Duk mai bin wannan hanya a shekarun nan ya san akwai wuraren da ba a tafiya a hankali, ba a kuma tsayawa. Daji ne, ba ƙauye kusa, kowa addu'a yake yi ya ƙara wuta. Muna shiga ɗaya daga cikinsu ya murɗa totur, sai na ji babur ɗin ya canja. Gaban ya fara kaɗawa dama da hagu, da sauri, kamar kan akuyar da ke son kuɓuce wa igiya. Rawar ta bi ƙarfe ta iso har inda nake zaune. Na ga kwalta tana lilo a gefena. Salati kawai nake yi.

Abin da ya yi a lokacin, sai daga baya na gane girmansa. Bai taka birki ba, bai kuma ƙanƙame hannun babur ba. Ya kwantar da ƙirjinsa wajen tanki, ya sassauta riƙo, ya riƙa sakin wuta kaɗan kaɗan har gaban ya natsu. Sai da muka iso inda ake ganin mutane sannan ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi.

“Kin ji tsoro?”

“Na ji.”

“Ni ma,” in ji shi. Ya sauka ya dafa gilashin, ya daɗe yana dubansa.

Daga ranar ya shiga bincike, kuma shi mutum ne da in ɗinki ya karkace sai ya farke shi gaba ɗaya. Ya kai wa mai faci ya daidaita iskar tayoyi. Bakanike ya kwance wuyan babur ya sauya boris. Ya rage tsawon gilashin, ya kwantar da shi baya kaɗan. Bayan kowane gyara sai ya hau shi kaɗai ya nufi hanyar Zurmi, inda kwalta ta miƙe, ya gwada. Shi kaɗai lafiya lau. Ya ɗora buhun dawa a kan tanki ya kai wa ƙanwarsa a garin Dauran, lafiya lau. Muka sake hawa mu biyu, rawar ta dawo, a wuri mafi muni kuma.

A nan ne ya gano dalili, amma bai gaya mini ba.

Ni 'yar Fulani ce, a hannun kakata na tashi. A gidanmu mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta cin abinci yana kallo, ba ta kuma raɓarsa a idon jama'a. Tun da aka kawo ni Ƙaura, in zan hau babur can ƙarshe nake zama, a kan kariyar ɗaukar kaya, in riƙe ƙarfen baya, in ajiye jakata a tsakaninmu. Ya saba yi mini tsiya a kai. Yakan ce, “Fillo, kin bar wa wa wurin nan? Ko akwai fasinjan da za mu ɗauka gaba?” In kau da kai, ya yi dariya, mu tafi. Bai taɓa cewa in sauya ba.

Tafiya ta gaba, na fito da safe na tarar da gilashin jingine a bangon zaure, ya kwance shi. Na tambaya, ya ce yana son ya sake masa wani gyara ne. Muka je muka dawo babur bai yi rawa ba. Amma da muka iso gida ya cire tabarau, idon ya yi jawur, ruwa yana bin kuncinsa. Kwanaki bai iya zura zare ba. Ga ɗinkin mutane jibge, sai ya miƙo allura ta ƙofar zaure in zura masa. Ina ganinsa yana kanne idon yana lalubar bakin yadi da yatsa. Da lokacin zuwa wurin Inna ya sake zagayowa, ya hau shiri kamar ba abin da ya faru, gilashin na nan a bango.

Na kai masa ruwa a shago, na tsaya daga bakin ƙofa.

“Malam, gyaran bai ƙare ba?”

“Da saura.”

“Ka je Zurmi da shi, ka je Dauran da shi. Ni kaɗai ce in na hau ake cire shi. Ka gaya mani gaskiya.”

Ya ajiye almakashi. Ya ce iska in ta daki gilashin, hannun babur take turawa, tunda a nan aka ɗaure shi. In tayar gaba tana da nauyi a kanta, sai ta danne ta riƙe hanya. In kuwa nauyi ya koma can baya, gaban sai ya yi sakayau, iska ta yi wasa da shi.

“Ba ke ba ce,” ya ce. “Wurin zaman ne.”

“To mi za a yi?”

Ya ce, “Sai dai ki matso.”

Kunya ta kama ni. Na ce, “Mu shiga Jangeru haka? Kawunnaina na zaune bakin masallaci?”

“Na sani. Shi ya sa ban ce ba.”

“Idon fa?”

“Ido na Allah ne. Ki je ki shirya, rana na yi.”

Na ce yau ba za ni ba, kaina na ciwo. Ya dube ni, bai ƙaryata ni ba. Na koma ciki na zauna, na rasa abin da zan yi da raina. Can sai na ji keken ɗinki ya fara kuka a zaure, ya daɗe bai tsaya ba.

Da yamma ya shigo da abu a hannu. Matashi ne na jingina, siriri, tsawonsa kamar daga ƙugu zuwa kafaɗa, an haɗa shi da ragowar yadudduka, shadda a nan, atamfa a can, an cusa masa auduga ya yi tauri. Ya sa masa igiya biyu da zai ɗaura a cikinsa, a gefe da gefe kuma ya ɗinka maɗauki biyu, daidai inda hannu zai kama.

“Wannan bango ne,” ya ce. “Ki jingina da bango, ki riƙe bango. Ba wanda ya taɓa jin kunyar bango.”

Na juya shi a hannuna. Da wannan jan idon ya yi shi, amma ko ɗinki ɗaya bai kauce ba.

Washegari ya mayar da gilashin, ya ɗaura matashin a bayansa. Mahauci yana ganinmu ya ajiye wuƙa.

“La ilaha! Taga a gaba, matashi a baya. Malam tela, saura tabarma ka tare gaba ɗaya.”

“Bayan tela ba ya rabuwa da ciwo. Kai da kake wuni tsaye kana korar ƙuda, ina za ka sani?”

Na hau, na matso, na kama maɗaukan. Mahauci ya sunkuyar da kai ya ci gaba da yankan namansa. Mutumin kirki ne.

Da muka iso dajin nan ya murɗa totur. Na ji gaban ya ɗan motsa sau ɗaya, sai ya miƙe. Ta cikin audugar ina jin numfashinsa yana hawa yana sauka. Muka wuce Shinkafi, muka shiga Jangeru, kawunnaina suka amsa sallama, ɗayansu har ya yi masa sannu da ciwon baya, ya ce a gwada man shanu da ɗumi. Da muka dawo na duba idon, fari tas.

Bayan wani lokaci bakaniken ya ba shi shawara aka cire ƙarafan daga hannun babur aka ɗaure su a gangar jikin babur ɗin, ta yadda iska ba za ta ƙara taɓa tuƙi ba. Ina cikin gida na ji yana gaya wa mahauci cewa yanzu ko buhu aka ɗora a kariya gaban ba ya rawa. Ranar tafiya ya ɗauko matashin ya ɗaura kamar kullum. Bai ce komai ba, ni ma ban ce na ji ba. Haka muka ci gaba har Inna ta rasu, da bayan rasuwarta, in za mu gaisuwa.

Maigidana ba hanya ce ta ɗauke shi ba. Ciwon ciki ne, bai kuma daɗe yana jinya ba. Har satin da ya kwanta da kansa yake zura zarensa, ba ya neman kowa.

Da na fita takaba aka ba ƙanensa babur ɗin. Na ji ya tayar da shi a zaure, sai kuma ya kashe. Ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa daga nesa, ya ajiye matashin a bakin tabarmata. Shaddar ta koɗe, maɗaukan sun yi baƙi saboda riƙo. Ya ce, “Yaya, wannan na ga ba na babur ba ne.”

Na ce masa ya bar gilashin yadda yake, kuma in gaban ya taɓa yi masa rawa kada ya taka birki, ya sassauta hannu. Ya ce to. Na ɗauki matashin na shiga ɗaki.