Zaharadden da Dutsen Kaka

A unguwarmu ta Bani Malik a Jidda an ce wai Zaharadden ya fara komawa Kano a ƙasa. Wai kowace Juma'a yana rage hanya kaɗan kaɗan, har wata tsohuwa ta rantse an hango shi a gaɓar Sudan yana shanya wando. Ƙarya ce, jama'a. Mutumin da gwiwarsa ke ƙara kamar ƙofar tsohon shago ina zai tsallaka teku? Ni taubashinsa ne, mahaifiyata ƙanwar babansa ce, kuma na san inda yake zuwa.

A Jidda aka haife shi, a Jidda ya fara furfura. Aikinsa ɗaukar kwali a wani sito a unguwar Khumra, tun yana ɗaukar uku a kafaɗa har ya koma jan ɗaya yana nishi. Idan ya dawo gida, matarsa Mastura ba ta tambayarsa gajiya, ruwan zafi kawai take tura masa. Duk da haka, ranar hutunsa guda, da an yi asuba sai ya tada tsohuwar motarsa ya nufi tsaunukan gabas da gari. Inda kwalta ta ƙare ya ajiye ta, ya taka.

Wani direban sitonsu ne ya fara nuna masa wurin: baƙaƙen duwatsu a bakin wani busasshen kwari, an sassaƙa musu raƙuma da jiminu, da wani mutum tsaye riƙe da sanda, da abu kamar ƙunshi a kansa. Zaharadden na ganin mai sandan nan ya ce halas, magana ta ƙare, Kaka Hussaini ne. Kakanmu ke nan da ya tako daga Kano zuwa Hajji da ƙafarsa, bai koma ba. Bai bar hoto ba. Kabarinsa kuwa, kun san maƙabartun nan, ba suna ba alama, hatta baban Zaharadden ya rasu bai iya nuna wurin ba. Abin ya daɗe yana cin Zaharadden, ga shi yanzu ya samu inda zai tsaya ya yi wa tsohon addu'a.

Rannan na bi shi, don in samu abin faɗi. Wallahi na yi nadama. Rana kamar an buɗe murhun mai gasa burodin tamis, ƙaya ta cinye mini takalmi, shi kuwa yana gaba yana ɗingishi, ya yi taku kaɗan ya dafa gwiwa, ya ce yalla, mu je, kamar ni ne na tsaya. Da muka isa ya shafa dutsen da tafin hannu, a hankali, yadda ake shafa kan mara lafiya.

Sai ga wani dattijon Balarabe da awakinsa. Aka yi sallama, Zaharadden ya soma ba shi labarin Kaka. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai ya ce kakan kakansa ma haka ya tarar da zanen nan, masu yinsa sun shuɗe tun kafin a san hanyar Hajji daga ƙasarmu. Ya kora awakinsa ya wuce.

Zaharadden ya sulale ya zauna a inuwar dutsen. Ya cire takalmi, ya zazzage yashi, ya daɗe yana kallon ƙafafunsa da suka kumbura. Ya kamata in yi shiru, na sani. Amma bakin taubashi ba ya jin magana.

Na ce, "To ɗan kawu, ashe duk Juma'o'in nan kakan wani kake ta gaisarwa? Ko dai Kaka jimina ya hau ya zo, shi ya sa aka zana su tare?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Mutumin da ya tako daga Kano, dole ya zauna a inuwar wani dutse ya duba ƙafarsa. In ba wannan ba ne, ɗan'uwansa ne, ni ya ishe ni. Kai kuwa jikokinka ba za su sha wahalar nemanka ba. Ramin da ka yi a kujerar falon babarka yana nan, sai su je can su yi addu'a."