Kwalbar Hannun Hagu

A masaƙar nan ba mai kiransa da sunansa na yanka. Mai Kwalba ake ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Shekara ashirin da shida yana aiki ɗaya: kowace safiya ya ɗebi ruwan da masaƙa ke zubarwa bayan rini, ya auna, ya rubuta. Gwiwoyinsa sun gaji da tsuguno, idonsa ya gaji da ƙananan lambobi.

Aikin da aka ɗauke shi na kwalba ɗaya ne, daga bututun gaba, inda ruwa ke fitowa tas bayan injin tacewa ya gama da shi. Amma akwai wani rami a bayan katanga. Duk ranar da aka kashe injin saboda shan mai, ta nan ruwan ke sulalewa baƙi ƙirin, ya gangara rafin da yayarsa ke ban ruwan lambunta da shi. Ba wanda ya aike shi can. Tun shekarar da alayyafonta ya ƙone a tsaye ya fara cika kwalba ta biyu, yana rubuta awonta a littafi na daban. Littattafan yanzu goma sha ɗaya ne a cikin kwali ƙarƙashin tebur, ɓeraye ne kaɗai suka taɓa duba su. Manajoji shida ya kai wa maganar, kowanne ya ce za a duba, har a yi wa manajan canjin wurin aiki.

Bana, saura wata huɗu ya yi ritaya, sai aka ce daraktocin kamfani za su fitar da rahoto kan yadda masaƙa ke kula da muhalli, don masu sayen yadi daga waje sun ce in ba rahoto ba ciniki. Nan da nan katangar gaba ta sha fenti, aka dasa bishiyoyi goma sha biyu masu tsayin gwiwa. Manaja ya leƙo ɗakin awo, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, daraktoci na son ganinka ranar Laraba. Ka zo da littafin bututun gaba. Shi kaɗai fa."

"To, ranka ya daɗe."

Da yamma ya biya ya gaya wa yayarsa. Tana tsinke busasshen ganye, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai dai ci gaba da wankin kwalabenka," ta ce.

Maganar ta yi masa zafi, don ya san gaskiya ce.

Ranar Laraba ya hau bene da kwalin littattafansa duka, yana haki. Ya ajiye kwalba biyu a tsakanin kofunan shayi. Shugabar daraktocin, wata dattijuwa mai tabarau, ta dubi farar, ta dubi baƙar.

"Malam, wanne ne ruwanmu?"

"Duka biyun, ranki ya daɗe."

Manaja ya shiga neman abin da bai ɓata ba a cikin aljihu. Shugabar ta sa aka karɓi kwalin, ta ce irin wannan ma'aikaci ake nema, har aka tafa masa. Mai hoto ya tsayar da shi jikin taga, farar kwalba a hannun dama, baƙar a na hagu. Mai Kwalba ya sauko daga benen jikinsa sakayau. Bawan Allah, da furfurarsa da komai, ya yarda.

Bayan wata biyu rahoto ya fito, shafi tamanin, takarda sai sheƙi. Ya bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe, sau biyu. Bishiyoyin nan goma sha biyu suna ciki, har da hotonsu. Ramin bayan katanga kuwa babu shi. A shafi na sittin dai an ce ana nazarin wasu hanyoyin ruwa. A bangon rahoton ga hotonsa nan yana murmushi, riƙe da kwalba fara tas.

Ya rasa ma ƙarfin yin fushi. Ya naɗe rahoton ya nufi lambu, don bai saba ɓoye wa yayarsa komai ba. Ba ta yi boko ba, saboda haka hoton kawai za ta iya karantawa. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta daɗe tana kallo, rafin na wucewa baƙi a bayanta.

"Ka yi kyau," ta ce. "To, ina suka kai hannunka na hagu?"